Ruwan Da Ba A Sha

Hoton ya iso bayan la'asar
a wayar Nafi'u mai caji,
don tawa ba ta buɗe hoto.
Muka haɗa kai mu huɗu a gindin durumi,
muna tare hasken rana da hula.

Gidan dutse ne, rufinsa ja,
inabi ya haye katanga,
a tsakar gida kuma ga ruwa kwance,
shuɗi kamar an jiƙa masa bula,
ba guga, ba igiya, ba sawun kowa.

Ka ce ƙauye ne, Tasi'u.
Ka ce mutanensa sun watse birni,
saura tsofaffi goma sha ɗaya da kare,
shi ya sa gidan ya yi araha.
Na yi dariya har na ƙware.
Shekara ashirin da biyu kana gudun ƙauye,
ashe ƙauye ka tafi nema,
sai dai wanda ba a san sunan ubanka ba.

Ni da na haƙa rijiya arba'in da bakwai
daga nan har bakin Maigatari,
idona ma'auni ne.
Tsawo gaba biyar, faɗi biyu da rabi,
zurfi, in ji ka, iya wuya.
Na tsuguna, na buga da tsinke a ƙasa:
jarka dubu biyu da ɗari huɗu.
Kurar Hambali goma take ɗauka.
Sai ya yi sawu ɗari biyu da arba'in,
kafin nan takalminsa ya cinye.

Inna ta ce, su wa ke ɗiba?
Na ce ba a ɗiba.
Shanu fa?
Babu shanu.
Wanki? Alwala?
Na ce shiga ake yi, a fito.
Ta daɗe tana kallon buta.
Can ta ce, a gaya masa ya riƙa rufewa
saboda yara.

Ka ce wata takwas kana yawon takardu:
lauya, tafinta, lambar haraji,
hatimi a kan hatimi,
don kai baƙo ne, sai an tona asalin kowane kwabo.
Ranar da aka miƙa maka makulli
maƙwabciya ta leƙo ta taga,
ta mayar ta rufe.
Sai na tuna Baba da gonar tudu.
Dagaci, shaidu uku, ƙwaryar goro,
aka shafa fatiha, aka dasa gamba a kan iyaka,
har yau ba wanda ya tsallake ta.

Ban ce ka yi laifi ba.
Guminka ne.
Na san dare nawa ka kwana tsaye a asibitin mutane
kana juya tsofaffin da ba naka ba.
Kwanon da ke kan ɗakin Inna kai ne,
kuɗin makarantar Kubura kai ne.
In mutum ya gaji, ai ya nemi inda zai jiƙa ƙafa.

Ɗakinka yana nan.
Na zuba buhunan riɗi a ciki,
amma in ka ce ga ka nan, yini ɗaya zan kwashe.
Bana rijiyar masallaci ta ja baya,
na sake shiga na ƙara mata gaba ɗaya,
gwiwata ta faɗa mini shekaruna.

Abu ɗaya nake so ka bincika mini.
Ruwan nan daga ina yake zuwa?
In rijiya ce, gaba nawa aka same shi?
Yashi suka tarar, ko dutse?
Wa ya haƙa?
In yana cikin goma sha ɗayan nan,
ka ƙwanƙwasa ƙofarsa, ko ba ka jin yarensa,
ka ce wani ɗan'uwansa a sana'a yana gaishe shi.

Nafi'u ya karɓe wayarsa,
wai caji ya kusa ƙarewa.