Hanyar Badagiri

Shekara sha bakwai ina Ikko,
ban ga teku ba sai a kalanda.
Albasa nake awo a Alaba Rago.
Ruwan da na sani: na kwata,
da wanda ke yoyo ta rufin rumfa.

Kashegarin Sallah kasuwa na barci,
Dogara ya zo da tsohuwar motarsa
mai ƙofar da ake ɗaurewa da waya.
Na ɗauko 'yata Azumi
da soyayyen naman layya a leda.

Okokomaiko ta riƙe mu awa guda,
Agbara ta ba mu hayaƙi muka sha.
Na ƙirga shingen hanya har tara,
na gaji, na bar wa Azumi lissafi.

Sai kwakwa.
Dogaye, duk sun karkata gefe ɗaya
kamar masu sauraron gulma.
Iska ta zo da gishiri a bakinta,
na lashi leɓe na ce, wa ya yi miya?

Mun ratse wani ƙauye, ban riƙe sunan ba.
Wani dattijo can ƙololuwar bishiya,
igiya a ƙugu, gora a rataye,
yana tatsar itace kamar saniya.
Matarsa a ƙasa tana kore ƙudan zuma
daga bakin farin bammi mai kumfa.
Ta yi magana, Azumi ta fassara:
na safe zaƙi ne, in ji ta,
na yamma shi ke ɗaga murya.

Dogara ya sayi jarka, bai kurɓa ba,
"Sai gida," ya ce, ya nuna sitiyari.
Ni aka sare mini kan kwakwa,
na sha, har ya bi ta gemuna.

A kwalekwale na damƙe katako
ina karanto duk abin da na haddace.
Mai fito ya ce ta nan aka bi da wasu,
ba su komo ba. Muka yi shiru
har ƙafa ta taɓa yashi.

To, ga shi.
A garinmu kowane kogi yana da tsallake,
kana ganin mai shanu a wancan gaci.
Wannan ba shi da.
Yana zuwa, ya fasa, ya sake zuwa
kamar mai bin bashi da kunya.

Na yi la'asar a rairayi,
kafin sallama ya ɗauke mini takalmi ɗaya.
Azumi ta yi dariya har ta zauna.

A hanyar dawowa, daidai Agbara,
murfin jarka ya yi tsalle a but.
Yamma ta yi, bammi ya ɗaga murya.
Rigar Sallata ta sha wari,
ƙafa ɗaya ba takalmi,
ina ta shirya abin da zan faɗa wa uwar Azumi.