Ban Ruwan Bulo

Da asuba nake ba bulo ruwa a Bajoga,
ɗari huɗu, a jere kamar sahun salla.
Wani yaro mai tallan ƙosai ya tsaya ya ce,
"Kana so ya bushe, kana kuma jiƙa shi?"
Na ce, yaro, bushewa daban, tauri daban.
Bulon da rana ta yi wa gaggawa
da ɗan yatsa ake marmashe shi.
Siminti sai ya sha, ya kwana, ya sake sha,
kwana bakwai, kafin ya iya ɗaukar ɗaki.

Ya wuce. Tambayar kuwa ta bi ni kasuwa.

Gidado maƙeri ya zaro lauje jajir,
ya tsoma a kasko, ruwan ya ja tsaki.
"Wuta ta lallashe shi," in ji shi, "ruwa ya ba shi baki.
In na yi garaje, a karan dawa na farko zai karye."

Lamara mai gyaran jikin mota
yana da gwangwanin fila kamar tukunya
da ɗan bututun hadina da bai kai yatsa ba.
Ɗigo ja, kamar ƙwayar dawa, yake cuɗawa.
In ya ƙara, ta sandare kafin ta kai ƙofar mota,
in ya rage, har gobe tana danƙo.

Adda Dudu ba ta san wata hadina ba.
Ludayi guda na ruwan tsami
take zubawa, madarar waken suya ta dunƙule,
ta ɗora dutse, awara ta tsaya da ƙafarta.
Kakata ma da makuba ta yi daɓen ɗakinta,
ta rasu, daɓen bai fashe ba.

Sai ranar Laraba, a asibitin Gombe,
likita ya juyo mana da hoton cikin Baba
ya ce hantarsa ta taurare.
Kalmar da nake cin abinci da ita
ga ta a bakin wani ta zama hukunci.
Na duba tafin hannuna, duk kanta,
na rasa ko ado ce ko ciwo.

Baba ne ɗigon da aka cuɗa ni da shi.
Maganarsa kaɗan ce, kuma ja.
In na faɗi bai taɓa ce mini sannu ba,
sai dai "Tashi."
Na tashi. Na tsayu.
To ko hannunsa ya zarce awo?
Ga shi kwance, ina neman kuka,
ido ya ƙi kawo ruwa.

A motar dawowa muka yi ta wuce tirelolin Ashaka.
Ya jingina kansa a kafaɗata,
bai fi nauyin buhun da aka zazzage ba.
Ya ce, "Ka ba bulon nan ruwa kuwa?"
Na ce na bayar.
Ya yi shiru har muka wuce Malam Sidi,
sannan ya ce, "Ka ƙara da yamma."