Jakar Wasiƙu a Vicuña

Kujerun roba ɗari a dandalin Vicuña,
mu kuwa mun ninka su.
Na tsaya daga baya, jikina duk tsamin tsinkar inabi.

Ximena Aravena ta sauko daga kan dutse,
can inda take kwana da madubin hangen taurari.
Ba ta riƙo littafi ba,
jakar wasiƙu ce a kafaɗarta.
"Masoyana," ta ce, ta zazzage su a tebur.

Wani ya rantse jirgin baƙi daga sama
ya bi motarsa tun daga Paihuano har ƙofar gida.
"Zara ce, matar wata," in ji ta.
"Ni ma shekara talatin tana bina,
ko sau ɗaya ba ta taya ni kuɗin mai ba."

Dandali ya kece.
Don Evaristo mai tallan duwatsun sa'a
ya ɗaure fuska tamau,
sai tumbinsa ya tona masa asiri,
yana rawa shi kaɗai a cikin riga.

Wata tana son jin ko taurari sun amince
ta auri mai gyaran famfo.
"Hasken wancan ya baro gida
tun ba a haifi kakar kakarki ba.
Ina ya san mai famfo?
Tambayi maƙwabtansa, sun fi kusa."

Na yi dariya har da riƙe ciki,
sai na hango takarda mai layi-layi a hannunta,
wadda na yago daga littafin awon gona.
Yawuna ya ƙafe.

Tun da muka binne Inna,
wani haske ke ratsa saman gidanmu bayan faɗuwar rana,
ba ya ƙyaftawa, ba ya sauri.
Abin da na rubuta ke nan. Ban sa suna ba.

Ta karanta a zuci, ta daɗe.
"Wannan na mutane ne," ta ce,
"ƙarfe ne da kusoshi, aron haske yake wajen rana.
Amma wanda ya rubuto
kullum yana fita ya ɗaga kai.
Aikina ke nan, ni har biyana ake yi."

Aka yi dariya, marar ƙaya.
Ni ma na yi, idona na yaji.

Sannan ta roƙi a kashe fitilun dandali.
Duhu ya sauko, sama ta matso,
fari fat, kamar an ɓarar da buhun gishiri.
Yaron da ke kuka ma ya yi tsit.

Da za ta tafi ta tsaya gaban Don Evaristo,
ta sayi dutse biyu, ba ta nemi ragi ba.
"Iskar dutse na kwashe mini takardu," ta ce.
Shi kuwa har yau yana faɗa wa baƙi
likitar taurari a wurinsa take saye.