Yaɓe

Shekara talatin ina gini a Garuwa,
daga Yelwa har Rumde Ajiya
ba unguwar da ban bar tafin hannuna ba.
Ran da tsani ya zame mini
na ji ƙuguna ya ce ƙas,
kamar busasshen kara ƙarƙashin kofaton jaki.

Dakta Astajam ta ɗauko irin ƙarfen da za a sa mini,
wanda take ajiyewa a tebur don nuni.
Samansa sumul, yana ƙyalli kamar sabon cokali,
ƙasansa fari-fari, da kaushi irin na harshen kyanwa.
Na ce, wannan maƙerin bai ƙarasa aikinsa ba.
Ta yi dariya. Ta ce, Baba Jatau, nan ne ya ƙarasa.
Gari aka fesa masa,
ɗan'uwan abin da Allah ya gina ƙashi da shi.
Ƙashi ba ya yarda da baƙo mai santsi.
In ya shinshina ya ji ƙanshin gida
sai ya miƙo jiki, ya shiga ƙananan ramukan, ya zauna.

Na yi shiru. Ai karatuna ne take biya mini.
Sau nawa na ja kunnen Ɗanjuma
don ya watsa siminti a bango sumul?
Sassare shi tukuna, yaro,
jiƙa shi, yi masa feshi, bar shi ya kwana.
Yaɓe ba ya kama wanda bai ba shi wurin riƙo ba.

Mako shida ina kwance.
Da dare manyan motoci na ƙetare gadar Binuwai,
ni kuwa na kasa kunne ciki,
inda wasu magina da ido bai gani
ke ɗora aiki a kan aiki,
ba cebur, ba kwano,
ba mai zuwa neman kuɗin yini.

Da ta ɗaga hoton a hasken taga
na nemi layin da ya raba ni da ƙarfen.
Na matso. Na goge ido.
Ban same shi ba.

Yau ina zaune kan bulo, sanda a gefe.
In hadari ya haɗo, ƙugun yakan yi mini magana,
ba da faɗa ba.
Can Ɗanjuma ne ke sassarar bango da bakin guduma,
a hankali,
ban ce masa komai ba.