Rabin Ƙwaya

Ƙwaya talatin, jaka tamanin.
Na lissafa a tsaye gaban mai kantin magani,
ni da na shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi a Garwa.
Na sake lissafawa. Amsar ta ƙi sauyawa.

Matar ofishin inshora ba ta da mugun hali.
Ta ba ni kujera, ta tambayi mutanen gida,
ta bi jerin magunguna da yatsanta mai lalle
daga sama har ƙasa, ta juya shafi.
Hawan jini yana nan. Ciwon suga yana nan.
"Malam Hambali, naka ba ya ciki.
Barci kuma ai kowa yana yi."
Ta buga hatimi.
Ƙarar hatimin ce ta tashe ni.

An ce barci ɓarawo ne.
Nawa ɗan fashi ne, rana tsaka yake tare hanya.
Ya kama ni da alli a hannu
tsakanin bakwai sau takwas da amsarsa,
ya kama ni a sujuda har sahu ya watse,
ya kama ni da loma a baki.
Ranar sunan 'yata wani ya yi barkwanci,
na ƙyalƙyale, gwiwoyina suka sake ni a gaban baƙi.
Tun daga nan nake auna dariya
kamar gishirin mai hawan jini.

Inna ta ce iska ce, ta kawo rubutu,
na sha don ranta ya yi sanyi.
Shugaban makaranta ya ce raggonci ne,
bai faɗa a gabana ba.
Likita ya ba abin suna mai tsawo,
ya rubuta magani a takarda,
takarda kuwa ba a haɗiye ta.

Na sayar da babur.
Dama gadar Binuwai ta fi ƙarfin idona.
Kuɗin ya sayi wata huɗu,
reza ta mayar da su takwas.

Ga yadda nake yi yanzu:
rabi ran Litinin, rabi ran Alhamis,
ranakun da aji ya fi yawa.
Lahadi na bar wa ɗan fashin,
harajinsa ne, ya kwashe.
Sauran ranaku goro, shayi ba sukari,
ƙanƙara a aljihun riga har ta jiƙa ni.
Hansatu ta daina ɗora tuwon rana,
fura kuwa sai dai in gan ta a ƙwaryar wani.
A tsaye nake duba littattafan yara,
jan biro yana zamewa, sai ya ja layi
ya fita daga shafi kamar akuyar da ta tsinke.

Baba Jidda mai gadi yana ara mini tabarmarsa
minti goma sha biyar lokacin tara,
sai ya ƙwanƙwasa buta a ƙofa.
Bai taɓa tambayata komai ba.
Asta ta bencin gaba,
ban ce mata ba, ba ta ce mini ba,
amma duk sa'ad da muryata ta fara nutsewa
gwangwanin fensirinta yakan faɗi ƙasa.
Sau uku a mako. Wani lokaci huɗu.

Da yamma nakan taka zuwa bakin kogi.
Dorina tana nutsewa, ruwa ya rufe,
ka rantse ba ta taɓa zama a wurin ba.
Sai ga kunnuwa. Sai ga hanci.
Ba ta neman gafarar kowa in ta taso.

Wasiƙata ta uku tana kan tebur,
na haɗa da shaidar likita, gobe zan kai.
Yanzu dai ga fitila, ga faranti, ga reza.
Na danna a hankali kan tsagin ƙwaya,
ta rabu, ba daidai ba.
Garin da ya zube
na lashi yatsa na tsince shi.