Bututun da Ba Ni da Sifanarsa

Shekara talatin ina zira hannu a bututun mutane,
daga Kakuri har Unguwar Rimi.
Gidan da ake cin daɗi ba sai an faɗa mini ba,
nasu ne ke fara shaƙewa.
Maiƙon romo, ragowar man suya,
ya sauka da zafinsa kamar ruwa,
ya huce a can ƙasa, ya daskare,
yau kaɗan, gobe kaɗan,
har ranar da ruwa zai ƙi wucewa.

Ran Laraba, a asibitin Tudun Wada,
Likita Asabe ta ɗaga takardar jinina:
"Malam Tanko, kolestarol ɗinka ya hau."
Na ce, ni da ko ciwon kai ba na yi?
Ta ce, "Ai ba ya sallama.
Maiƙo ne a jini, jiki na buƙatarsa, amma iri biyu ne:
ɗaya na liƙewa a bangon jijiya,
ɗaya na bin sa yana kwashewa ya kai hanta.
Naka mai liƙewar ya rinjayi mai sharar."

Na yi dariya ni kaɗai. Wanzami ba ya son jarfa.
Ashe tsiren Maikano na bakin gada,
kitse biyu, tsoka ɗaya, yadda nake so,
da man shanun da Uwani ke malala mini a tuwo,
da farfesun kayan ciki,
duk suna can suna kwanciya
a bututun da ba ni da sifanarsa.

Yanzu babur na hutawa a zaure.
Bayan asuba nakan taka har bakin kogi,
in dawo da gumi a wuyan riga.
Uwani ta rage mai, ta ƙara wake da zogale,
gasasshen kifi ran Juma'a.
Gyaɗa cikin tafi, ba cikin kwano ba.
Taba kam mun rabu, ba cikin daɗi ba.
Ƙwayar da aka ba ni na gefen buta,
don kar in ce na manta.

Jiya na bi ta wajen Maikano.
Ƙamshi ya riƙe mini riga,
na tsaya, ba zan yi ƙarya ba.
Na ce, tsinke ɗaya, a cire kitsen.
Ya dube ni kamar na zagi kakansa.

Bayan wata uku za a sake aunawa.
Kafin nan, in gari ya yi tsit,
nakan ɗora tafi a ƙirji
yadda nake kara kunne a bangon mutane,
in saurari ruwa yana wucewa.