Noti Na Huɗu

Uku sun kwance ba gardama.
Na huɗu ya ce ba da shi ba.

Tun hantsi nake kan buhun siminti
a ƙofar gidanmu a Bolari,
Fijon marigayi Bappa Sambo ta ɗage ƙafa kan jak
kamar mai jiran a cire mata ƙaya.

Damina biyu tana tsaye.
Tsatsa ta shiga birkin ta yi gida,
ta ci, ta sha, ta kulle ƙofa.

Na ba shi kananzir.
Na ba shi baƙin mai.
Na yi masa magana da guduma.
Sifana ta zame, ta ɗebe min fatar yatsa,
na faɗi abin da sai da na yi istigfari.

Bayan la'asar na zura bututu a sifana,
na hau da duk nauyina.
Ƙas!
Har na fara hamdala,
sai ga kan a tafina, gangar jikin na ciki.

Dudu, mai riƙe min gwangwanin notuna,
ta miƙo hannu:
"Baba, ba ni. Dutsen carafkena ɗaya ya ɓace."